Jefa Sifana Cikin Inji: Asalin Wata Karin Maganar Turawa da Abin da Ta Tono Mini

 

Wani dare muna gidan kallon ƙwallo da ke bayan layinmu a unguwar Jahun, sai wata 'yar ƙaramar ƙungiya da ke can ƙasan teburi ta zura wa masu neman ɗaukar kofi ƙwallo ana dab da tashi. Gida ya kaure da ihu. Cikin hayaniyar nan Baturen da ke sharhi ya ce wannan ƙwallo ta zama "a spanner in the works". Abokina da ke gefe ya zungure ni ya ce, "Kai ɗan mai sifana, me ya kawo sifana filin ƙwallo?" Aka bushe da dariya, ni ma na yi, amma amsa ba ni da ita.

Suna ce mini ɗan mai sifana ne saboda sana'ar mahaifina. Baba ya zo Bauchi daga Maraɗi tun yana saurayi, kuma tun kafin a haife ni yake da rumfa a kasuwar Wunti inda yake sayar da kayan aikin hannu: sifana, filaya, guduma, sukudireba, noti da ƙusoshi. A rumfar na yi wayo. Ni ba malami ba ne, iyakar karatuna sakandare, amma tambayar nan ta hana ni sakat, na yi ta karance-karance a waya da tambayar na gaba da ni. Abin da na tsinto shi na kawo maka yau. A ƙarshe kuma zan ba ka wani labari nawa da binciken ya tono, wanda na daɗe ina rufewa.

Me Maganar Take Nufi?

Cikakkiyar maganar ita ce "to throw a spanner in the works", wato jefa sifana cikin kayan inji. A nan ɗan sakandare irina yake faɗa wa tarko, domin an koya mana kalmar ƙarshen nan tana nufin aiki. To, a wannan wuri kayan cikin inji take nufi, haƙoran giya da ƙafafun da ke juya junansu, irin waɗanda za ka gani in ka buɗe bayan tsohon agogo mai wani. Turawa kan kira masana'anta ɗungurungum da wannan suna ma.

Ka kwatanta abin a zuciyarka. Inji yana tsakiyar gudu, haƙori na cizon haƙori, sai wani ya saki sifana ta faɗa tsakani. Ita kuwa sifana da ƙarfe mai tauri aka ƙera ta, don kada ta lanƙwashe a kan noti. Ke nan ba ita za ta karye ba, haƙoran ne za su zube, aiki ya tsaya cak. Saboda haka idan Bature ya ce wane ya jefa sifana cikin inji, yana nufin ya wargaza shirin da ke tafiya daidai. Yanzu har abin da ba shi da hannu sukan jingina wa maganar, kamar ruwan sama ranar biki ko ciwon da ya kama ɗan wasa, amma hoton asali na mutum ne da ƙarfe a hannu.

Abu uku nake so ka riƙe. Abin da aka jefa ƙarami ne, injin kuma babba. Ba a jefawa sai aiki ya yi nisa. Na ukun shi ya fi ɗaukar hankalina: sifana kayan gyara ce. Wanda ke yawo da ita kusa da inji ba baƙo ba ne, ma'aikacin wurin ne. Da ɗan gari akan ci gari.

Daga Bindiga Zuwa Rumfar Baba

Kalmar kanta tana da tafiya mai nisa. Daga Jamusanci ta fito, daga wata kalma mai nufin ɗaure abu ko miƙe shi ya yi tauri. A ƙarni na 16 Turai ta yi yayin wata irin bindiga mai 'yar ƙafa a gefe, wadda sai an wana ta da wani ɗan makulli kamar yadda ake wana agogo, sannan in an ja kunama ƙafar ta juya ta ba da tartsatsi ya kama albarushi. Wannan ɗan makulli shi Jamusawa suka fara kira da sunan. Ingilishi ya are shi a ƙarni na 17, kuma zuwa ƙarshen ƙarni na 18 sunan ya koma kan abin ɗaure noti.

A lokacin kowace maƙera da irin zaren da take yanka wa ƙusarta, notin wannan ba ya shiga ƙusar wancan. Sai a 1841 wani injiniya a Manchester mai suna Joseph Whitworth ya kawo ma'auni guda, kamfanonin jirgin ƙasa na Ingila suka karɓa, sauran masana'antu suka bi. Daga nan sifana mai lamba ta zama abin da kowane ma'aikaci ke sakawa a aljihu. Wadda ake buɗe bakinta a tsuke da ɗan yatsa kuwa, irin wadda muke sayarwa yau, wani mutumin Suwidin ne mai suna Johan Petter Johansson ya yi rajistar ƙirarta a 1892.

Da ta iso ƙasar Hausa sai bakinmu ya gyara mata zama. Bahaushe ba ya haɗa baƙaƙe biyu a farkon kalma, sai ya sa wasali a tsakani, kamar yadda ya yi wa sitiyari da sikeli. Harafin p kuma yakan mayar da shi f, kamar a famfo, faci da fensir. Ga sifana ta fito. 'Yan uwanmu na Maraɗi kuwa lakile suke cewa, domin su daga Faransanci suka aro, inda makulli da sifana suke da suna ɗaya. Abin dariya, akwai wata iri da Faransawa ke kira makullin Ingila.

Yaushe Aka Fara Faɗar Ta?

Duk da cewa yau ana ɗaukar maganar ta mutanen Ingila ce, alamu sun nuna Amurkawa sun riga su yin hoton. Su a can ba sifana suke cewa ba, "monkey wrench" suke kiran wata babba mai bakin da ake buɗewa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 jaridunsu ke maganar jefa ta cikin injin sussukar alkama. A 1892 wata jarida a San Francisco ta kwatanta wani ɗan majalisa da mutumin da ya jefa wannan ƙarfe cikin injin sussuka don haushin an hana shi zuba dami a ciki. Ka ga ke nan tun farko maganar ta ɗan gida ce wanda aka ɓata wa rai. Kuma duk manomi ya san ciwon abin, domin injin sussuka a kaka yake aiki, ranar da ya tsaya ma'aikata na zaune, hatsi na jibge a fili.

Mai sifana ta ɓangaren Ingila da ƙasashen da ta raina ta bazu a shekarun 1930. Tana cikin rubutacciyar muhawarar majalisar dokokin New Zealand ta 1932, tana kuma cikin littafin barkwancin P. G. Wodehouse mai suna Right Ho, Jeeves na 1934. Zuwa 1965 ta zama ruwan dare har mawaƙin nan John Lennon ya yi wasa da ita a sunan littafinsa, ya cire sifana ya sa kalmar da ke nufin mutumin Sifen, saboda lafazinsu ya yi kusa. A Amurka kuma littafin Edward Abbey na 1975, The Monkey Wrench Gang, ya sa masu fafutukar kare muhalli suka riƙa kiran lalata motocin aikin kamfanoni da sunan wannan ƙarfe.

Akwai wani labari da ke yawo a Facebook, cewa wai an laƙaba wa ƙarfen sunan biri ne don a ci mutuncin ɗan damben nan baƙar fata Jack Johnson, wanda ya zama zakaran duniya a 1908. Gaskiya ne ya yi rajistar ƙirar wani irin abin ɗaure noti a 1922, amma sunan ya girme shi, ana amfani da shi tun kafin a haife shi. In an turo maka, kada ka tura gaba.

Kafin zuwan inji Turawa suna da wasu maganganun na ɓata shiri, daidai da rayuwarsu ta lokacin. Akwai ta cusa sanda a ƙafar keken doki, wadda Faransawa ma suke da irinta, har na sha jin ta a bakin 'yan bokon gidanmu na Maraɗi. Akwai kuma ta kifar da amalanken mai tallar tuffa, wadda ni ɗan kasuwa na fi jin zafinta. Mai sifana ba ta samu wurin zama ba sai da cin abincin mutane ya koma hannun inji.

Masu Fasa Inji na Gaske

Tarihi ya san ma'aikatan da suka lalata inji da gangan. Mafi shahara su ne waɗanda ake kira mabiya Ned Ludd a Ingila. Sun fara ne a watan Maris na 1811 a kusa da Nottingham, abin ya bazu zuwa Yorkshire da Lancashire. Masaƙa ne ƙwararru waɗanda suka ga masu jari na amfani da injina suna rage musu lada, suna sa waɗanda ba su gama koyon sana'a ba su fitar da kaya marasa inganci, ga tsadar abinci saboda yaƙin da ake yi da Napoleon. Sukan fita da dare su farfasa injinan. A 1812 majalisa ta yi doka cewa hukuncin fasa injin saƙa kisa ne, duk da jawabin da Lord Byron ya yi yana sukar dokar. A watan Janairu na 1813 aka rataye mutum 17 a birnin York. Sai dai su manyan guduma suka ɗauka, a ƙungiyance, kowa ya san abin da ya kawo su. Kuma shekara tamanin ne tsakaninsu da fitowar karin maganarmu.

Haka ma kalmar sabotaj da muke ji a bakin 'yan siyasa. Daga sunan takalmin katako na talakawan Faransa ta fito. Mutane na son labarin cewa ma'aikata ne ke cire takalman suna jefawa cikin inji, amma masana harshe sun ƙi wannan. Ma'anar farko ita ce tafiya da ƙwaram-ƙwaram cikin takalmin, daga nan ta koma yin aiki a gurguje ba kyau. Wani ɗan gwagwarmaya mai suna Émile Pouget shi ya tallata ta a matsayin makamin ma'aikata, babbar ƙungiyar ƙwadagon Faransa ta amince da ita a taronta na Toulouse a 1897, kuma abin da suka fi nufi shi ne jan ƙafa a wurin aiki in lada bai kai ba. Ingilishi ya ari kalmar wajen 1910.

Abin da na lura da shi a nan shi ne ɗan Adam na son labarin da ke da mutum guda, da hannu guda, da abu guda da aka jefa. Ya fi daɗin bayarwa, ya kuma fi sauƙin fahimta.

Mu Kuma Me Muke Cewa?

Bahaushe bai jira Bature ba. Da za a ba ni aikin fassara abin da mai sharhin nan ya faɗa, cewa zan yi an yi musu ƙafar ungulu. Ungulu mushe take takawa, saboda haka ƙafarta guda ta isa ta ɓata tukunyar miya, duk naman da kayan ƙamshin da aka zuba sun tashi a banza. Ka ga hoton ɗaya ne da na Bature: ƙaramin abu, babbar asara, bayan aiki ya yi nisa. Bambancin kawai shi daga masana'anta ya ɗauko nasa, mu daga madafa.

Muna da ɗan hana ruwa gudu, wanda duk mai lambu a fadama ya san shi, shi ne mai toshe hanyar ruwa a sama don kada ya kai ga na ƙasa. Muna da tufka da warwara daga sana'ar igiya. Abokan cinikinmu 'yan kudu kuma a kasuwa za ka ji suna roƙon kada a zuba musu yashi a garin kwaki. Kowa daga abin da yake ci da shi ya ɗauko misalinsa.

Amma muna da wata wadda ta sha bamban, wato zagon ƙasa. Duk wanda ya ga yadda gara ko ruwa ke cin gindin katanga ta ƙarƙashi ya san abin da ake nufi. Ba ƙara, ba tartsatsi, sama lafiya lau, sai wata rana katanga ta zube. Yawanci mutum muke zargi da yin sa. To amma gara ba ta da gaba da mai gida, ta dai samu inda ba a dubawa ne. Shi ya sa magabata suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sifana a Bauchin Yakubu

Yanzu mu dawo gida mu ga yadda inji ya zo garin nan da yadda ya tsaya.

Jirgin ƙasa na farko da ya ɗauki sunan Bauchi bai taɓa zuwa birnin Bauchi ba. Ƙaramin layi ne da Turawan mulkin mallaka suka ja daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, ya isa can a 1914, don kwasar kuza. An sa masa sunan ne saboda a lokacin yankin Jos na cikin lardin Bauchi. An rufe shi a 1957. Namu na gaske ya zo ne da aikin layin Barno, wanda ya tashi daga Kuru ya nufi Maiduguri, tsawon mil 400. Don wannan aiki da gyaran sauran layuka Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 28 a 1958, lokacin ɗan garin nan Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar sufuri, yana Firayim Minista. Jirgi ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Unguwa guda ta tashi a gefen tasha, har yau Railway muke ce mata.

Bayan an ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, a ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe kamfanin Steyr, haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da wani kamfanin ƙasar Ostiriya, ana haɗa manyan motoci da taraktoci a nan garin. Yana cikin jerin irinsa da aka kafa a zamanin kuɗin mai: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, na Mercedes a Inugu, na Fiat a Kano. Samari da yawa sun koyi riƙon sifana a wannan zamani.

Me ya faru? Yawancin kayan da ake haɗawa daga waje ake shigo da su cikin akwatuna. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, samun lasisin shigo da kaya ya yi wuya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. Kuɗin da a 1980 ya fi dala daraja, zuwa 1987 sai ka ba da kusan naira 4 ka karɓi dala guda. Kayan haɗi suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai saye, tsofaffin motoci na gwanjo suka cika ƙasa, masana'antun suka yi ta ja da baya. Daga baya gwamnati ta sayar da hannun jarinta. Jirgin ƙasa shi ma haka. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya taɓa layin gabas, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, kawunan jirgi suka tsufa babu kayan gyara. Har ƙwararru aka ɗauko daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abin ya ɗan farfaɗo, sannan ya sake komawa. A 2021 an ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, amma ni da sa'o'ina ba wanda ya taɓa sayen tikiti a tashar garinmu.

Ba na musun akwai masu ɓarna da gangan. Ana kama masu sace ƙarafan layin dogo, kuma ba mu manta da harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ba. Amma in ka bi tarihin injinan garin nan da kyau, da wuya ka samu ranar da za ka nuna ka ce yau aka jefa sifana. Abin da za ka samu shi ne shekaru da shekaru na notin da ya kwance ba a ɗaure ba. Duk da haka, in aka zauna hira a majalisa, kowa sunan wanda ya yi mana ƙafar ungulu yake nema.

Nawa Injin

Ga labarin da na yi maka alkawari.

Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, sai a 2022 Baba ya tattara abin da yake da shi, ya ƙara da bashi, ya saya mini injin gyaran shinkafa mai amfani da gas. Ya kira ƙaninsa a Maraɗi ya ce ya turo ɗansa mu riƙe tare, ni da kuɗi da lissafi, shi da aikin inji. Ɗan Baffan nawa ya girme ni da shekara biyu, Yaya nake ce masa. Bakaniken da ya kafa mana injin ya ja mini kunne cewa in kaka ta yi aiki ya yi yawa, kada baƙin mai ya wuce mako biyu ba a juye ba, a kuma canja matata.

Da kuɗi suka fara shigowa sai idona ya buɗe. Kuɗin juyen mai na riƙa karkatarwa, na sayi waya, na shiga adashi. In Yaya ya tambaya sai in ce mako mai zuwa, ko in sayo ɗan mai na bakin titi a ƙara a kan tsohon. Rannan ya tsare ni a gaban leburori ya ce, "Ina kuɗin mai suke tafiya?" Na ji kunya, na mayar da ita faɗa, na ce masa injin ubana ne, in ya gaji hanya a buɗe take. Washegari ya haɗa kayansa ya tafi.

Kwana uku da tafiyarsa, ana tsakiyar aiki, ga buhunan shinkafar mutane jibge, inji ya yi wata irin ƙara ya buga. Kafin la'asar magana ta zaga gida da kasuwa cewa yaron Maraɗi ya zuba wani abu a inji kafin ya tafi. Wasu suka ce yashi, wasu suka ce gishiri. Ban ƙirƙiri maganar ba, amma da aka tambaye ni sai na ce, "Allah dai ya sani."

Da bakanike ya buɗe injin, mu biyu ne a wurin. Ya lakato man da yatsa, ya yi baƙi ya daskare kamar kwalta. Matata ta toshe, boris ya cinye, fistin ya kama. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ba wanda ya taɓa injin nan. Ƙishirwa ce ta kashe shi." Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya ce shi ba zai kai magana ba, amma in an tambaye shi ba zai yi ƙarya ba. Ba wanda ya tambaye shi, domin kowa ya riga ya samu amsar da ta gamsar da shi.

Baba ya kira Baffa a waya, aka yi musayar maganganun da ban taɓa jin sun yi ba. Daga ranar suka daina gaisawa. Aka sayar da injin a wulaƙance aka rage bashi. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a watan Yulin 2023 aka rufe iyaka, har wani sanyi na ji a raina, don na samu dalilin da zai sa ba mai zuwa, ba mai tafiya. Laifi tudu ne, na take nawa ina nuna na wani.

Ina cikin wannan hali aka yi mini waccan tambaya a gidan kallo. Da na kai kan labarin mutumin da ya jefa ƙarfe a injin sussuka don an ɓata masa rai, sai na ga ai rigar da na bari aka sa wa Yaya ke nan. Alhali a wurin nan kaf shi kaɗai ne ya yi ƙoƙarin gyara.

Bayan an buɗe iyaka a watan Maris na 2024, wata rana mun idar da sallar Magariba muna rufe rumfa, na ce, "Baba, ina da magana." Na faɗa masa komai. Ya daɗe bai ce uffan ba, yana ta juya kwaɗon da ke hannunsa. Can ya ce, "Ba a waya za ka faɗi wannan ba. Da ƙafarka za ka je." Na bi ta Ningi zuwa Kano, na wuce Katsina da Jibiya, na tsallaka Ɗan Isa na shiga Maraɗi. Na durƙusa gaban Baffa a zaure, Yaya na zaune gefe, na maimaita. Baffa ya ce, "Mi ya hana ka hwaɗi tun wuri, ɗana? Shekara guda da rabi ina kwana da ɓacin ran ɗan'uwana." Ya yafe, a daren ya kira Baba. Yaya ya ba ni hannu, amma da na ce ya dawo Bauchi sai ya yi murmushi ya ce ya samu abin yi a gida. Har yau in na kira shi yana ɗauka, sai dai gaisuwar ba ta wuce minti biyu.

Kammalawa

To mai karatu, ka ji asalin maganar. Kalmar daga bindigar Jamusawa, hoton daga gonakin alkamar Amurka, shahararta daga Ingila ta shekarun 1930, mu kuma muna da ƙafar ungulu tun kafin su zo. In ka ji mai sharhin ƙwallo ya sake faɗa, ka san abin da yake nufi. Shawarata kawai, ranar da naka shirin ya tsaya, kafin ka fara lissafin maƙiya, ka sa a buɗe injin a gaban shaidu, a duba yaushe rabon a juye masa mai.

Ni dai na koma rumfar Baba, ina kuma biyan sauran bashin da kaɗan-kaɗan. In ka biyo ta Wunti kana neman lamba 10 ko 13, ka tambayi ɗan mai sifana.

Allah ya sa mu dace, ya kiyaye mana zumuncinmu. Wassalam.